Ma'aji da Dukiyar Jama'a

Darasinmu na wannan wata a kan ma'aji ne, wato mutumin da a ke danƙa wa dukiyar da ba tasa ba, ta jama'a duka. Manomin gero a Tursa cikin ƙasar Rabah, da mai noman albasa a fadamar Goronyo, da mai shinkafa a Wurno, kowannensu yana da rabo cikin kuɗin da a ke gina makaranta da asibiti da su, a gyara hanya, a haƙa rijiya. Amma ba wanda ya ke riƙe da rabonsa a aljihu. Duka yana hannun wani. Idan mutumin nan ya riƙe amana, mace mai naƙuda za ta sami magani a asibiti. Idan ya ci, sai ta tarar da kwalba wofi, ba ta kuwa san wanda ya cuce ta ba.

Mu kan ce maganin abin guda ɗaya ne, a nemi mutumin kirki a ba shi mabuɗi. Lalle ana bukatar mutumin kirki. Amma labarin ƙasar Sakkwato da na Romawan dā sun nuna wannan kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da rubutu, da shaidu, da bincike. Waɗannan uku suna tsare dukiya daga hannun ɓarawo, suna kuma tsare mai gaskiya daga bakin masu ƙazafi.

1. BAITULMALI A ZAMANIN SHEHU DA BELLO

Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan Haɓe da su, maganar dukiya tana kan gaba. A littafinsa Kitabul Farƙi ya ambaci jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa, ya lissafa su cikin hanyoyin da masu mulki su ke cin dukiyar talakawa ba bisa ƙa'ida ba. Ya bayyana ƙofofin da ya halatta dukiya ta shiga baitulmali ta cikinsu, kamar humusin ganima, da ushira, da harajin ƙasa, da jiziya, da dukiyar wanda ya mutu ba magaji. Ya kuma sa mai karɓar haraji cikin mataimaka huɗu da mulki ba ya tsayawa sai da su, tare da waziri da alƙali da shugaban masu tsaron gari. Sharaɗinsa shi ne ya karɓi abin da ya wajaba, kada ya zalunci talaka.

Da aka fara jihadi a shekara ta 1804, amininsa Umaru Alkammu aka ba riƙon dukiyar jama'a. Amma koyarwa daban, halin mutane daban. Wajen shekara ta 1807 Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya rabu da rundunar yaƙi ya nufi gabas, gama ya ga waɗansu sun mai da hankali ga tara dawaki da riguna da bayi, sun manta da abin da ya fito da su. Mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafin da ya ke koya wa masu mulki yadda za su riƙe jama'a da dukiyarta. Mu lura, wannan ya faru tun Shehu yana da rai, tsakanin mutanen da suka ji wa'azinsa da kunnensu.

Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a shekara ta 1817. Shi ya gina Wurno a bakin gulbin Rima, ya mai da ita ribaɗi domin tsaron iyaka daga Gobirawa. Can ya rasu a shekara ta 1837, kabarinsa yana nan har yau. Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a fadarsa ya kuma rubuta tarihin Sakkwato, ya shaida Bello ba ya ciyad da kansa daga baitulmali, daga abin da ya samu da guminsa ya ke ci. Wannan babban misali ne: mutumin da dukiyar ƙasa duka ta ke ƙarƙashin ikonsa ya raba tsakanin aljihunsa da na jama'a.

Waɗansu sarakunan da suka biyo baya sun zauna a Wurno, kamar Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859. Kano da Katsina da Zazzau da sauran ƙasashe suna aiko da gaisuwarsu, wuri da tufafi da dawaki da bayi. Ƙirga irin wannan dukiya aiki ne mai wuya. Keso guda wuri 20,000 ne, kayan ƙato guda. Baturen nan Barth ya tarar a Kano a shekara ta 1851 ana canza liyari ɗaya a bakin wuri 2,500. Ashe keso cur liyari takwas ke nan kawai. Dukiyar tana shiga ta hannun waziri da manyan fada, tana fita bisa ga umurnin sarki. Idan sarki mai tsoron Allah ne kamar Bello, talaka ya huta. Idan ba haka ba, talaka ba shi da littafin da zai ce a buɗe masa. Jangalin nan ma da Shehu ya soka, daga baya ya komo a ƙasashe da yawa.

2. MA'AJIN ROMAWA

Yanzu bari mu duba wata al'umma da ta yi fama da wannan matsala shekaru fiye da dubu biyu kafin a gina Wurno. Romawa, waɗanda mu ke jin labarinsu cikin Sabon Alkawari, sun daɗe ba su da sarki. Kowace shekara su kan zaɓi shugabanni biyu da a ke kira konsul, majalisar dattawa kuwa tana ba da shawara. Cikin ma'aikatan da su ke zaɓa akwai kwestor. Sunan ya fito daga kalmar Latin mai ma'anar tambaya ko bincike. Shi ne ma'ajinsu.

Daga shekara ta 447 kafin haihuwar Almasihu, wadda za mu taƙaita K.H., taron jama'a ne ya ke zaɓen ma'aji. Da fari su biyu ne. A shekara ta 421 K.H. aka mai da su huɗu, aka kuma yarda talaka ya nemi aikin, ko da ya ke sai a 409 K.H. talakawa suka fara samu. Da mulkin Roma ya faɗaɗa aka yi ta ƙara yawansu, har Sulla ya kai su 20 a shekara ta 81 K.H. A zamanin nan sai mutum ya kai shekara 30 kafin ya nemi aikin, wanda ya yi shi kuwa ya zama ɗan majalisar dattawa. Ma'aji ya kan kama aiki ran 5 ga Disamba, ya yi shekara ɗaya tak, ya sauka.

Biyu daga cikinsu suna zaune a birnin Roma, suna lura da baitulmali. Baitulmalin yana cikin haikalin gunkinsu Saturn, a gindin dutsen Kafitol. Ginshiƙai takwas na ginin suna tsaye har yanzu. Banda zinariya da azurfa, a nan a ke ajiye tutocin yaƙi da rubutattun dokoki da hukuncin majalisa. Sauran ma'aji kuwa a kan jefa ƙuri'a a rarraba su ga gwamnonin larduna da shugabannin yaƙi. Su ke biyan sojoji, su sayi abinci, su sayad da ganima, su rubuta kome.

Ga abubuwa uku da ya kamata mu riƙe game da tsarin nan. Na ɗaya, mai riƙe da kuɗi daban, mai ba da izinin kashewa daban: majalisa ita ke yanke abin da za a fitar, ma'aji ya biya ya rubuta. Na biyu, ma'aji ba barar gwamna ba ne. Ko da ya ke al'ada ta ce ya girmama gwamnansa kamar uba, jama'a ce ta zaɓe shi, ƙuri'a ce ta kai shi lardin. Na uku, bayan aiki sai lissafi. Dokar da Yuliyas Kaisar ya kafa a shekara ta 59 K.H. ta wajabta a bar lissafin lardi a manyan birane biyu na lardin, a kai na uku baitulmalin Roma. Wanda ya so ya canza adadi, sai ya canza a wuri uku.

3. MA'AJI BIYU DA A KE TUNAWA DA SU

Tsarin nan yana da rauni guda. Ma'aji saurayi ne, shekara ɗaya zai yi. Malaman da su ke rubutu a baitulmali kuwa sun tsufa cikin aikin, sun san kowane lungu. Sabon ma'aji ya kan zo bai san kome ba, sai malamai su riƙa juya shi, yana sa hannu a abin da bai gane ba.

Wajen shekara ta 64 K.H. wani mai suna Kato ya sami aikin. Fulutak, marubucin Helenawa, ya ba da labarinsa. Kafin ya nemi a zaɓe shi, sai da ya karanta dokokin baitulmali, ya yi ta tambayar waɗanda suka san aikin. Saboda haka da ya shiga, malamai ba su sami inda za su ruɗe shi ba. Ya kori ɗaya domin cin amana, ya kai wani gaban shari'a. Wani babban mutum ya zo roƙo domin wanda aka kai ƙara, har aka sake shi, amma Kato ya ƙi mai da shi bakin aiki. Ya bi waɗanda baitulmali ke bi bashi tun da daɗewa ya karɓa, ya kuma biya waɗanda su ke bin baitulmali. Wata rana aka kawo takarda aka ce hukuncin majalisa ce. Ya yi shakka, ya ƙi shigad da ita sai da konsul biyu suka zo da kansu suka rantse. Shi ke fara zuwa da safe, shi ke tashi daga ƙarshe. A ranar da zai sauka, ya riga ya koma gida, sai ya ji masu ƙarfi sun matsa wa abokin aikinsa Marsilus ya rubuta a yafe wani kuɗi. Ya komo nan da nan, ya karɓi allon, ya shafe rubutun a gaban Marsilus.

Na biyu shi ne Sisero, wanda ya yi ma'aji a yammacin tsibirin Sisili a shekara ta 75 K.H. Roma tana cikin ƙarancin hatsi, ya tara alkama ya aika, bai cuci manoma ba. Bayan 'yan shekaru wani gwamna mai suna Feres ya wawashe tsibirin shekara uku. Da mutanen Sisili suka nemi wanda zai tsaya musu, sai suka tuna da ma'ajin nan. A shekara ta 70 K.H. Sisero ya zaga tsibirin ya tattara littattafan lissafi da shaidu. Da aka fara karanta su a gaban shari'a, Feres bai jira hukunci ba, ya gudu ya bar ƙasar. Da babu rubutu, da maganar manomi ce kawai a kan ta gwamna, mun kuwa san wadda a kan ji.

Duk da haka kada mu zaci doka tana tsare kanta. A shekara ta 49 K.H. Yuliyas Kaisar ya shiga Roma da sojojinsa ya nemi dukiyar baitulmali. Wakilin talakawa guda, Metelus, ya tsaya a ƙofa ya hana. Kaisar ya yi masa barazanar kisa, aka fasa ƙofa, aka kwashe sandunan zinariya 15,000 da na azurfa 30,000, banda tsabar kuɗi. Mutum ɗaya ya tsaya, sauran suka yi shiru. Daga baya sarakunan Roma suka karɓe riƙon baitulmali daga hannun zaɓaɓɓun ma'aji, har a shekara ta 56 bayan haihuwar Almasihu Nero ya danƙa shi ga mutanen da shi da kansa ya ke naɗawa.

4. BAITULMALIN EN'E

Mu komo gida. Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. A shekara ta 1906 Gwamna Lugga ya kafa dokar haraji, aka tattara kuɗaɗe iri iri da a ke karɓa aka mai da su haraji da jangali. A manyan ƙasashe a kan raba abin da aka tara, kashi ɗaya na Gwamnati, kashi ɗaya na sarki da hakimai da dagatai. Amma rabon sarakuna ba shi da littafi, kowa ya kan ɗauki nasa ya yi abin da ya ga dama.

Wani Bature mai suna Palmer ya fara gwada sabon tsari a Katsina. Aka ce rabon sarauta duka ya shiga wuri ɗaya, aka ba wurin tsohon sunan nan, baitulmali, aka sa Ma'aji a kansa. Sarki da hakimai da alƙalai da dogarai kowa aka yanka masa albashi. Abin da ya ragu a yi aikin jama'a da shi. Zuwa shekara ta 1911 tsarin ya bazu cikin ƙasashen Arewa. Kowace shekara a kan rubuta kasafi, wato abin da a ke sa ran samu da abin da za a kashe.

Tsofaffinmu sun san yadda kuɗin ke tafiya. A ƙasa kamar Rabah ko Wurno ko Goronyo, a kan ƙidaya masu biya gida gida, a ƙidaya shanu. Mai unguwa da dagaci su karɓa su ba da rasit. Malamin hakimi ya rubuta. A ɗauki kuɗin a kai Sakkwato, Ma'aji da malamansa su ƙirga su shigar cikin littafi, Di'o kuma ya zo ya bincika. Da kuɗin nan aka biya malaman makarantun elementare da 'yan doka, aka gina ɗakunan shan magani, aka gyara hanyoyi. A shekara ta 1946 aka buɗe makarantar koyon aikin ofis a Zariya, inda malaman En'e da yawa suka koyi lissafin baitulmali.

Kada mu rufe ido ga aibin tsarin. Baƙi ne suka kafa shi domin amfanin mulkinsu. Ma'aji yana ba da lissafi ga sarki da Razdan, ba ga mai biyan haraji ba. Talaka bai zaɓi kowa ba, yawanci kuma bai iya karanta rasit ɗin da ke hannunsa ba. Jangali ya fi kome wuyar tsarewa, gama shanu ba su zama wuri ɗaya. Makiyayi ya kan ɓoye waɗansu, mai ƙidaya ya kan rubuta ƙasa da abin da ya gani ya sa bambancin a aljihu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: inda ƙidaya ba ta da tabbas, ƙofa a buɗe ta ke ga ɓarawo, a buɗe ta ke kuma ga mai ƙulla sharri.

5. RUBUTU GARKUWAR MAI GASKIYA NE

Ahmadu Bello haifaffen Rabah ne, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jinin Muhammadu Bello na Wurno. Ya gama Kwalejin Katsina a shekara ta 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934. A shekara ta 1938 ya zama Sardauna, aka tura shi Gusau ya lura da ƙasashen gabas. A shekara ta 1943 aka kai ƙararsa cewa ya taɓa kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara, aka saurari maganar a Zariya, aka wanke shi. Bayan shekara 11 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Da ba a sami inda za a sake auna shaida ba, da ƙarar jangali ta rufe masa hanya tun yana saurayi.

Kato ma ya ɗanɗana irin wannan. A shekara ta 58 K.H. aka aike shi tsibirin Kubrus ya tattara dukiyar sarkinta. Ya tara azurfa kusan talanti 7,000, ya rubuta kome cikin littattafai biyu. Ɗaya ya nutse tare da jirgin da ya ɗauko shi. Ɗayan ya ƙone a hanya, sa'anda matuƙan jirgi suka hura wuta saboda sanyi, ta kama alfarwa. Dukiyar ta isa Roma lafiya, amma abokan gabansa suka sami abin faɗa, suna cewa ya kawo lissafi. Abin da ya taimake shi, ya zo da wakilan sarkin Kubrus waɗanda suka ga yadda aka yi.

Saboda haka ma'ajin da ya ji haushi don an ce ya kawo littafi bai gane abin da ke amfaninsa ba. Ranar da baki ya buɗe a kansa, rantsuwa ba za ta fisshe shi ba kamar rasit da sa hannun shaidu.

6. ARASTUS NA KORINTI

Maganar nan ta taɓa Littafi Mai Tsarki. A ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 16 aya 23, Bulus ya isad da gaisuwar wani mai bi, Arastus, wanda shi ne ma'ajin birnin. Daga Korinti ya rubuta wasiƙar, wajen shekara ta 57. Korinti kuwa birni ne da Yuliyas Kaisar ya sa aka sake ginawa a shekara ta 44 K.H., ana mulkinsa bisa tsarin Romawa. Waɗansu masana suna ganin aikin Arastus shi ne na kwestor. A shekara ta 1929 masu tonon kufai suka sami wani dutse a Korinti kusa da gidan wasa, an rubuta a kansa cewa wani Arastus ya shimfiɗa daɓen wurin da kuɗin aljihunsa saboda muƙamin da aka ba shi. Masana sun rabu a kan ko shi ne abokin Bulus. Abin da ya tabbata shi ne, tun farko akwai mai bi da ya riƙe dukiyar birni, yawancin masu dukiyar kuwa ba addininsu ɗaya da shi ba.

Bulus kansa, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. Cikin 2 Korintiyawa sura 8 mun ga ekklesiyai sun zaɓi wani ɗan'uwa ya yi tafiyar tare da su, domin kada kowa ya sami dalilin zargi. Idan manzo ya nemi shaidu a kan kansa, wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin bincike?

7. YAU FA?

An kawad da En'e a gyaran ƙananan hukumomi na shekara ta 1976. Yanzu Wurno da Rabah da Goronyo kowace ƙaramar hukuma ce, cikin 23 na Jihar Sakkwato da 774 na Nijeriya duka, kowace kuma da ma'ajinta. Babban canji shi ne, yawancin kuɗin ba daga hannun manomi ya ke fitowa ba, daga asusun tarayya a ke rabo kowane wata. A nan akwai haɗari. Wanda ya sayad da damin geronsa ya biya haraji ya kan tambayi inda kuɗinsa ya tafi. Kuɗin da ya zo daga Abuja kuwa mutane su kan ce na gwamnati ne, sai ka ce ba shi da mai shi. Alhali namu ne. Da irinsa aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka gama a shekara ta 1984, da irinsa a ke biyan malamin firamare a ƙauye.

Ana ta gyaran tsari. A shekara ta 2015 Gwamnatin Tarayya ta tilasta wa ma'aikatunta su tattara kuɗinsu cikin asusu guda a Babban Bankin Nijeriya. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnonin jihohi ba. Amma labarin Metelus ya koya mana hukunci a takarda ba ya tsaron ƙofa sai mutane sun tsaya a bayansa.

8. ABIN DA ZA MU AIKATA

Yawancinmu ba za mu riƙe baitulmalin hukuma ba. Amma akwai asusun ƙungiyar manoma, da kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, da adashin mata, da na iyayen yara a makaranta, da baikon ekklesiya. Wanda bai saba tambaya a kan ƙaramin asusu ba, ba zai iya tambaya a kan babba ba. Ga ƙa'idodi bakwai:

Na 1. Kada mutum ɗaya ya ƙirga kuɗi shi kaɗai. A ƙirga a gaban mutum biyu ko uku, a rubuta nan take, su sa hannu.

Na 2. Shugaba kada ya zama ma'aji, kada kuma ma'aji ya zama ɗansa ko ƙanensa ko surukinsa. Kunya ta kan hana ƙane ya ce wa wansa a'a.

Na 3. Kada a fitad da ko naira ɗaya sai da izinin taro ko kwamiti, a rubuce.

Na 4. Kuɗin jama'a kada ya kwana tare da na ma'aji. Yawancin masu cin amana da aro su ke farawa, suna cewa za su mayar bayan kaka.

Na 5. A yi littafi biyu, a ajiye su a gida dabam dabam, gama wuta da ruwa da gara ba su san mai gaskiya ba.

Na 6. A karanta lissafi a bainar jama'a a kan kari, da harshen da kowa ke ji, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya sani. Waɗanda ba su taɓa kuɗin ba su bincika.

Na 7. A yanka wa'adi. In ya cika, ma'aji ya miƙa littafi da kuɗi a gaban shaidu, ko da za a sake zaɓensa.

Wanda aka zaɓa ma'aji kuma, ya koyi aikin kafin ya karɓi mabuɗi, kamar Kato. Ya raba aljihunsa da na jama'a, kamar Bello. Ya nemi a bincike shi tun ba a tambaya ba. Mu sauran kuwa, kada mu ɗora wa ɗan'uwanmu jaraba ta wurin barinsa shi kaɗai da kuɗi shekara da shekaru, sa'an nan in ya faɗi mu taru muna zaginsa. Da laifinmu a ciki. Masu magana sun ce kowa ya ci amana, amana ta ci shi. Rigakafi kuwa ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne kuɗaɗe ne Shehu Usmanu ya zargi sarakunan Haɓe da karɓa?
2. Me ya sa halin Muhammadu Bello, duk da kyaunsa, bai isa ya tsare baitulmali bayan rasuwarsa ba?
3. Faɗi abubuwa uku da Romawa suka yi domin tsaron dukiyar jama'a.
4. Ƙaƙa Kato ya hana malaman baitulmali su juya shi?
5. Ta wace hanya rubutu da shaidu su ke taimakon ma'aji mai gaskiya?
6. A cikin ƙa'idodin nan bakwai, wacce ce ba a bi a asusun da ku ke da hannu a ciki? Wa zai ta da maganar a taro mai zuwa?